JOJI FRANK MURPHY NA ƘASAR AMURKA

A ƙasar Amurka an yi wani mutum mai suna Frank Murphy, wanda cikin shekara 25 ya zauna bisa kujerun mulki guda shida. Ya yi alƙalin birni, ya yi Magajin Gari, ya yi Gwamna-Janar na tsibiran Filifin, ya yi Gwamnan jiha, ya yi Babban Lauyan Gwamnati, sa'an nan ya ƙare yana Joji a Kotun Ƙoli ta ƙasar. An ga ya dace a bayyana labarinsa ga hakimai da malamansu saboda abu guda. Kusan kowace kujera ya hau, sai an kawo gabansa mutumin da jama'a su ke fushi da shi, ana so a gama da shi nan da nan, ba tare da dogon bincike ba. Duk wanda ya taɓa riƙon ƙasa ya san irin wannan rana.

An haife shi ran 13 ga Afrilu, 1890, a wani ƙaramin gari mai suna Harbor Beach, a bakin tafkin Huron, cikin jihar Mishigan. Iyayensa zuriyar mutanen Ailan ne, mabiya ɗariƙar Katolika, ubansa kuwa lauya ne. Ya gama karatun shari'a a Jami'ar Mishigan a 1914, ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Farko yana hafsa, da ya komo ya zama lauyan gwamnati a birnin Detroit. A 1923 aka zaɓe shi alƙalin kotun laifuffuka ta birnin. A nan akwai abin lura. A jihohi da yawa na Amurka ƙuri'a a ke jefa wa alƙali kamar yadda a ke jefa wa ɗan majalisa, saboda haka alƙalin da ya yi hukuncin da ya ɓata wa jama'a rai yana iya rasa kujerarsa a zaɓe mai zuwa.

Shari'ar Gidan Likita Sweet

Detroit birni ne na ƙera motoci. A 1910 baƙaƙen fata da ke cikinsa ba su kai 6,000 ba, amma a 1920 sun haura 40,000, yawancinsu sun taso daga jihohin kudu neman aiki. An cunkushe su a unguwa guda, wanda kuwa ya yi ƙoƙarin sayen gida a unguwar farar fata, sai a yi masa taro a kore shi. A lokacin ƙungiyar nan ta masu ƙin baƙar fata da Katolika da Yahudawa, watau Ku Klux Klan, tana da ƙarfi ƙwarai a birnin.

Wani likita baƙar fata, Ossian Sweet, ya sayi gida a unguwar farar fata, ya tare ran 8 ga Satumba, 1925. Da ya ke ya san abin da ya sami waɗansu kafinsa, sai ya tafi da 'yan'uwansa da abokansa, da bindigogi. Kashegari da dare jama'a suka cika titi, aka yi ta jifar gidan da duwatsu, 'yan sanda suna tsaye. Aka yi harbi daga benen gidan, Bature guda ya mutu, wani ya yi rauni. Aka kama duk mutum 11 da ke cikin gidan, har da matar likitan, aka tuhume su da kisan kai.

Shari'a ce wadda alƙali mai son zaman lafiyarsa zai so ta faɗa hannun wani. Murphy shi ya ɗauke ta. A tsarin Amurka alƙali ba ya yanke cewa mutum ya yi laifi ko bai yi ba. Wannan aikin mutum 12 ne da a ke zaɓowa daga cikin jama'ar gari, ana ce da su juri, a wannan shari'a kuwa dukansu farar fata ne. Aikin alƙali shi ne ya faɗi shaidar da za a saurara da wadda ba za a saurara ba, kāna ya bayyana wa juri abin da doka ta ce. A nan ne Murphy ya yi abin da ya juya shari'ar. Lauyan waɗanda a ke tuhuma, shahararren nan Clarence Darrow, ya nemi a bar likitan ya faɗi abin da ya gani a rayuwarsa, har da yadda tun yana yaro a jihar Fulorida ya ga taron jama'a sun ƙone wani baƙar fata. Lauyan gwamnati ya ce wannan ba shi da haɗi da abin da ya faru a daren. Murphy ya ce yana da haɗi, gama ba a iya auna ko mutum ya yi harbi don tsoron ransa ne sai an san abin da ke zuciyarsa sa'ad da ya leƙa taga ya ga taro. Har wa yau ya gaya wa juri cewa haƙƙin mutum na kare gidansa da iyalinsa ɗaya ne, ko shi fari ne ko baƙi.

Juri suka yi awa 46 suna gardama, ba su daidaita ba, shari'a ta watse. A 1926 aka sake gurfanar da ƙanen likitan, Henry Sweet, wanda ya amsa cewa ya yi harbi, a gaban Murphy ɗin dai, aka sallame shi. Daga baya gwamnati ta janye ƙarar sauran.

Daga Kotu zuwa Mulki

A 1930 aka zaɓe shi Magajin Garin Detroit, daidai lokacin da kasuwar duniya ta karye, masana'antu suka sallami ma'aikata dubbai. Ya kafa kwamitin kula da marasa aiki, ya buɗe makwanci ga waɗanda suka rasa muhalli, ya sa aka rarraba filaye don mutane su yi lambu su ci. Ya kuma tara magadan gari na manyan birane a 1932, suka matsa wa Gwamnatin Tarayya ta kawo ɗauki. A 1933 Shugaba Roosevelt ya naɗa shi Gwamna-Janar na Filifin, wadda a sa'an nan tana ƙarƙashin Amurka. A hannunsa tsibiran suka sami mulkin kai na cikin gida a Nuwamba 1935, ya kuma goyi bayan a ba mata ƙuri'a.

Yajin Aikin Flint

Ran 1 ga Janairu, 1937, ya kama aikin Gwamnan Mishigan, ya tarar da rigima tana jiransa. Kwana biyu kafin wannan, ma'aikatan kamfanin motoci na General Motors a garin Flint sun shiga yajin aiki, suna neman kamfani ya amince da ƙungiyarsu. Yajin nasu irin na dabam ne. Ba su fita sun bar ma'aikatar ba, zama suka yi a ciki suka kulle ƙofofi, don kada a kawo waɗansu su maye gurbinsu. Ginin na kamfani ne, injuna na kamfani ne, zamansu a ciki kuwa keta doka ne, babu gardama.

Kamfani ya sami odar kotu ta farko a fitar da su, amma odar ta mutu da aka gano alƙalin da ya ba da ita yana da hannun jari mai yawa a kamfanin. Ran 11 ga Janairu 'yan sandan gari suka auka wa ɗaya daga cikin ma'aikatun da hayaƙi mai sa hawaye da bindiga, ma'aikata suka mayar da martani da ƙarafa da ruwan mesa, mutane da dama suka yi rauni. Gwamna ya aika da sojan jiha. Kowa ya ɗauka za su shiga su share ma'aikatar ne, amma umurnin da ya ba su shi ne su raba tsakani, kada wani ɓangare ya taɓa wani. Ya kuma hana a yanke wa na ciki abinci.

Ran 2 ga Fabrairu wani alƙali, Paul Gadola, ya ba da oda ta biyu, wannan karo babu aibi a jikinta: su fita kafin la'asar ɗin kashegari. Ba su fita ba. To, ga Gwamna wanda ya yi rantsuwar zartar da doka, shi kansa tsohon alƙali, ga takardar kotu a hannu, ga soja a bakin ƙofa. In ya ce a shiga, jini zai zuba, gama na ciki sun ce ba za su fita da ƙafafunsu ba. In ya ƙi, ya nuna wa duniya cewa ana iya yin watsi da umurnin kotu a zauna lafiya. Bai ce odar ba daidai ba ce, bai kuma zartar da ita ba. Jinkirtawa ya yi. Ya haɗa shugabannin kamfani da John L. Lewis, babban jagoran ƙungiyoyin ma'aikata, ya tsare su a teburin sulhu dare da rana, ya kuma gargaɗi Lewis cewa jinkirin nan ba zai dawwama ba. Ran 11 ga Fabrairu, bayan kwana 44, aka sa hannu, kamfani ya amince da ƙungiyar, ma'aikata suka fito. Ba a kashe ko mutum guda ba.

Masu sukarsa suna da hujja wadda ba a raina ta. Sun ce in mai mulki ya sami ikon zaɓen odar kotun da zai zartar da wadda zai ajiye a aljihu, to gobe wani mai mulkin zai ajiye odar da ta kare talaka. Wannan magana gaskiya ce. Amsar da a ke ba su ita ce, Murphy jinkiri ya yi na kwana takwas, yana kuwa aiki cikinsu, kuma gini ana iya mayar wa mai shi bayan mako guda, rai ba a mayarwa. Jama'ar Mishigan dai ba su gamsu ba. Yajin aiki irin wannan ya bazu a jihar, aka ɗora masa alhaki, a zaɓen 1938 aka kayar da shi.

Roosevelt ya naɗa shi Babban Lauyan Gwamnati a Janairu 1939. Shekara guda kawai ya yi, amma cikinta ya kafa wani ƙaramin ofishi a Ma'aikatar Shari'a don bin kadin mutanen da ma'aikatan hukuma suka zalunta. Wannan ofishi shi ne tushen babban Sashen Haƙƙin 'Yan Ƙasa da aka kafa a 1957. A 1939 ɗin kuma aka gurfanar da wani babban joji na kotun ɗaukaka ƙara, Martin Manton, saboda cin hanci, aka yanke masa ɗaurin shekara biyu.

A Kotun Ƙoli

Ya shiga Kotun Ƙoli a Fabrairu 1940. Joji tara ne a kotun, hukunci kuwa na mafi rinjaye ne, amma wanda bai yarda ba yana da ikon ya rubuta nasa ra'ayi da dalilansa, a buga shi tare da hukuncin, ya zauna cikin littattafan shari'a. Da irin waɗannan rubuce-rubuce na saɓani aka fi tuna Murphy.

Bai fara da ƙafar dama ba. A shekararsa ta farko aka kawo ƙarar waɗansu yara biyu na ɗariƙar Shaidun Jehobah, waɗanda aka kora daga makaranta don sun ƙi sara wa tutar ƙasa, suna cewa addininsu ya hana. Murphy yana cikin joji takwas da suka ce korar daidai ce. Bayan hukuncin aka yi ta dukan mutanen ɗariƙar a garuruwa da yawa. A 1942 shi da joji biyu, Black da Douglas, suka rubuta a fili cewa hukuncin da suka sa wa hannu kuskure ne, a 1943 kuwa kotu ta soke shi. Shaidun Jehobah na wancan zamani babu wanda su ke suka kamar cocin Katolika, watau cocin da Murphy ya ke bi, amma daga nan gaba yana cikin jojin da suka fi tsaya musu.

A Janairu 1943, a wata gunduma ta jihar Jojiya, shugaban 'yan doka mai suna Claude Screws da mutanensa biyu suka kama wani baƙar fata bisa zargin satar taya, suka yi ta dukansa yana cikin ankwa har ya mutu. Hukumar jiha ba ta ɗaga yatsa ba. Ofishin nan da Murphy ya kafa shi ya kai ƙara, aka ɗaure su. Da magana ta iso Kotun Ƙoli a 1945, aka ce a sake shari'a, wai ba a bayyana wa juri sosai ba cewa sai an tabbatar sun yi niyyar keta haƙƙin mamacin. Murphy kaɗai ya ce a bar ɗaurin yadda ya ke, gama babu ɗan dokan da ke bukatar lauya ya gaya masa cewa ba shi da ikon kashe wanda ke hannunsa. Aka sake shari'ar, aka sallami Screws, daga baya ma aka zaɓe shi ɗan majalisar jiha.

Babbar jarrabawa ita ce ta mutanen Jafan. Bayan Jafan ta kai hari Pearl Harbor a Disamba 1941, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a wata oda ran 19 ga Fabrairu, 1942, wadda ta ba soja iko su kwashe mutane daga gaɓar yamma. Aka kwashe mutum wajen 120,000 'yan asalin Jafan, maza da mata, tsofaffi da jarirai, aka kai su sansanoni masu shingen waya. Kashi biyu cikin uku haifaffun Amurka ne, 'yan ƙasa sosai. Ba a tuhumi kowa da laifi ba, asalinsu kawai aka duba.

A ƙarar farko, a 1943, wadda ta shafi dokar hana su fitar dare, Murphy ya rubuta saɓani, amma abokan aikinsa suka matsa masa don kotu ta yi magana da murya guda lokacin yaƙi, ya sassauta ya bi su, ko da ya ke ya rubuta cewa abin ya yi kama da yadda a ke yi wa Yahudawa a Jamus. A ta biyu bai sassauta ba. Wani saurayi, Fred Korematsu, ya ƙi tafiya sansani, aka kama shi aka hukunta shi. Ran 18 ga Disamba, 1944, joji shida suka tabbatar da hukuncin, uku suka saɓa.

Hujjar Murphy ta cancanci a bi ta daki-daki. Ya yarda cewa lokacin yaƙi wajibi ne a saurari hafsoshin soja, gama su suka san fagen fama. Amma ya ɗauko rahoton Janar DeWitt, wanda ya ba da umurnin kwasar, ya nuna dalilan da ke ciki ba na yaƙi ba ne. Zato ne game da halin wata al'umma, addininta da makarantunta da al'adunta, hafsan soja kuwa bai fi kowa sanin wannan ba. Soja sun ce babu lokacin da za a tantance mai biyayya da maci amana. Murphy ya ƙidaya musu: wata huɗu suka wuce bayan harin kafin a ba da odar kwasa ta farko, ba a kuwa gama kwasar ba sai bayan wata 11. Ya kawo misalin Ingila, wadda maƙiyi ya fi kusa da ƙofarta: cikin wata shida kwamitoci 112 suka saurari Jamusawa da mutanen Ostiriya wajen 74,000 ɗaya bayan ɗaya, aka tsare 2,000 kawai. Ya ce a shari'a laifi na wanda ya aikata ne shi kaɗai, ba a raba shi ga danginsa da ƙabilarsa. Ya ambaci abin da sunansa, ya ce wariyar launin fata ce aka sa wa rigar doka. Ya rubuta haka ne a kan odar Shugaban da ya ba shi muƙami uku.

Da aka gama yaƙi aka gurfanar da Janar Yamashita na Jafan a Manila gaban hafsoshi biyar, ba lauya ko ɗaya cikinsu, saboda ta'asar da sojojinsa suka yi a Filifin, inda a Manila kaɗai farar hula wajen 100,000 suka hallaka a 1945. Ana saura kwana uku a fara shari'a aka ƙara tuhuma 59 bisa 64 na farko, aka ƙi ba lauyoyinsa ƙarin lokaci, aka karɓi shaidar ji-ta-ji-ta. Ba a nuna shi ya ba da umurnin ta'asar ba. Aka yanke masa hukuncin kisa. Murphy ya zauna a Manila shekara uku, ya san birnin da mutanensa, ba wanda zai ce bai ji zafin abin ba. Duk da haka shi da Joji Rutledge suka saɓa wa sauran shida a Fabrairu 1946, suka ce haƙƙin shari'ar gaskiya na kowane mutum ne, har maƙiyin da aka ci da yaƙi. Aka rataye Yamashita ran 23 ga watan.

Masanan shari'a da yawa ba su ɗauki Murphy babban malami ba. Sun ce zuciya ya ke bi, sai ya yanke inda tausayinsa ya karkata sa'an nan ya nemo doka. Abokin aikinsa Joji Frankfurter ya kan yi masa ba'a yana kiransa waliyyi. Akwai gaskiya cikin sukar, gama mutum ne mai son yabo, shari'un haraji da ciniki kuma ba su dame shi ba. Amma wanda ya karanta abin da ya rubuta a shari'ar Korematsu zai tarar da kwanan wata da ƙididdiga da hujja bisa hujja.

Bai taɓa aure ba. Ya rasu a Detroit ran 19 ga Yuli, 1949, yana da shekara 59, yana bisa kujerarsa.

A 1983 wata kotun tarayya a San Francisco ta soke hukuncin da aka yi wa Korematsu, bayan an gano cewa lauyoyin gwamnati sun ɓoye wa Kotun Ƙoli rahotannin da suka ƙaryata zargin soja. A 1988 Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar neman gafara, aka biya kowane wanda ya ke da rai cikin waɗanda aka tsare dala 20,000. A 2018 Babban Joji Roberts ya rubuta cewa hukuncin 1944 mummunan kuskure ne tun ranar da aka yanke shi. Maganar Yamashita kuwa ta bi wata hanya dabam. Ba a soke hukuncin ba, ƙa'idar cewa shugaban soja yana ɗaukar alhakin ta'asar na ƙasa da shi ta zauna cikin dokokin duniya. Sai dai yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta kafa Kotun Duniya ta Manyan Laifuffuka, ta gindaya sharaɗi: sai an tabbatar ya sani, ko ya kamata ya sani, sa'an nan bai yi abin da ke cikin ikonsa don hanawa ko hukuntawa ba.